Copin na Venis: sassaƙar da ta tsage, da wadda ta yi awa huɗu a kan dutse

Wanda ya san dangarafai, takalman katakon nan da ake ratsa taɓo da su da damina, ya riga ya san rabin zancen copin. Sauran rabin tsayi ne da ado. Daga ƙarni na 15 zuwa na 17 matan masu hali a Venis, birnin Italiya da ke zaune a kan ruwa, suna hawa takalmin katako da aka yi wa riga da fata ko karammiski. Ba shi da marufin diddige, zura ƙafa ake yi kawai. Mutanen Ingila suna ce masa copin, na Sifen capin, 'yan Venis kuma zokkoli ko kalkanyetti. A gidan tarihi na Correr da ke birnin akwai wanda tsayinsa ya haura santimita 50. Tun 1430 hukuma ta kafa dokar rage masa tsayi, matan suka yi kunnen uwar shegu da ita. Thomas Coryat, wani matafiyi ɗan Ingila, ya rubuta a 1611 cewa ya ga manyan mata a kan irinsa waɗanda sai an riƙe musu hannu kafin su iya tafiya a titi.

Yau takalmin ya dawo ta hannun masu raya tarihi, wato mutanen da ke ɗinka suturar wani zamani daidai yadda take, su sa su fito a tsohuwar fada ko gidan tarihi don jama'a su gani da ido. Riga da adon kai ana samun telan da zai yi. Copin kuwa ba a sayar da shi a kanti, sai an sassaƙa, kuma aiki ne da ya faɗa tsakanin sana'a biyu. Kafinta ya san katako amma ƙafa ba fagensa ba ce, baduku ya san ƙafa amma bai saba da gungume ba. Daga wannan giɓin matsalar da ke ƙasa ta fito.

Mace ce za ta fito a matsayin matar wani attajirin Venis na wajajen 1590. Tsawon tafin ƙafarta santimita 24, nauyinta kilo 62. Za ta yi awa huɗu a tsakar wani tsohon gida mai daɓen dutse, yawanci a tsaye, da ɗan zagaye a hankali da rawa guda mai nutsuwa. Sau biyu aka yi sassaƙar. Ta farko ba ta kai ranar taron ba.

Sassaƙar farko

An so tsayin santimita 20. Aka samo guntun gungumen icen bic, icce mai tauri da ake kujeru da shi a Turai, wanda bai daɗe da sara ba, aka tsayar da shi a tsaye kamar yadda masassaƙi ke tsayar da gungumen turmi, aka fitar da kowane wari daga guntu ɗaya. Saman da ƙafa ke takawa an bar shi a baje sumul kamar tebur. Gindin da ke taɓa ƙasa tsawonsa santimita 14, faɗinsa 7, don a samu siririn ƙugun nan mai kyau da ake gani a hotuna. Fuskar takalmin, wato fatar da ke riƙe saman ƙafa, an yanko ta daga lallausar fatar jakar hannu, aka buga ta a gefen katako da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Aka shafe ginshiƙin, wato jikin katakon, da gam ɗin roba aka manna jan karammiski. A ƙasa aka kafa kirgi.

A kan tebur ya yi kyau ƙwarai. Cikin mako uku na gwaji ne komai ya tonu.

Nauyi ya fara nuna kansa. Kowane wari ya ci katako kusan santimita kubik 2,100 (awon tsawo da faɗi da kauri a haɗe), shi kuma bic busasshe yana da nauyin giram 0.72 a kowace guda, kilo ɗaya da rabi ke nan a ƙafa ɗaya, ba a sa ruwan da ke cikin ɗanyen icce a lissafi ba. Tunda ba abin da ke riƙe diddige, yatsu da saman ƙafa ne ke ɗaukar wannan kaya a duk taku. Bayan minti goma sai ƙwauri ya ƙage, mai takalmin ta koma jan ƙafa, ƙarar katako a kan dutse ta cika wurin.

Sai gindi. A ƙafa mai santimita 24, tsakiyar diddige yana wajen santimita 4 daga baya, tudun gindin yatsu kuma wajen 17. Wuraren nan biyu su ke ɗaukar nauyin mutum. Gindi mai santimita 14 da aka dasa a tsakiyar takalmin ya fara ne daga santimita 5 da ɗoriya, ke nan tsakiyar diddige yana rataye a iska, babu komai a ƙarƙashinsa. Duk sanda ta sake jiki ta baya sai gaban takalmin ya ɗaga. Ta gefe abin ya fi muni. Rabin faɗin gindin santimita 3.5 ne, tsayi 20, saboda haka karkata ta digiri 10 kacal ta isa ta kifar da shi. Dutse ɗaya a daɓe ya fi maƙwabcinsa tsayi da santimita 1, idan gindin ya hau gaɓarsu, digiri 8 sun riga sun tafi. Biyun da suka rage su ne tsakaninta da targaɗe.

Tsagewar kuwa daga tsayar da gungumen ta samo asali. Kowane icce yana da jijiya, layin da yake bi idan aka faskara shi. Turmi yana son jijiya a tsaye domin duka daga sama yake sha, kuma ba shi da wani leɓe da ya miƙe ya bar jikinsa. Copin yana da leɓe biyu, na yatsu da na diddige, waɗanda suka zarce ƙugu da santimita 4 zuwa 5. Idan jijiya tana tsaye, leɓen gajerun zaruruwa ne jere gefe da gefe, kamar tsintsiyar da aka tsaya a kanta. A mako na biyu leɓen yatsu na warin dama ya ɓalle lokacin hawa matakala. Warin hagu ya tsage da kansa a ajiye, daga zuciyar iccen zuwa gefe, domin ɗanyen icce idan yana bushewa ya fi tsukewa ta zagaye fiye da ta tsakiya zuwa waje, kusan ninki biyu, kuma guntun da ke da zuciya a ciki ba shi da yadda zai yi sai ya buɗe baki. Ƙari a kan haka, sama da ƙasan takalmin duk sun zama bakin jijiya, inda ƙusa ba ta kamawa. Kirgin ƙasa ya fara ɗagawa tun kwana huɗu.

Sauran illolin ƙanana ne amma su ido ya fi gani. Fatar fuska irin jimar zamani ce ta sinadarin kurom, wadda ba a san ta ba sai ƙarni na 19, kuma miƙewa take kamar danƙo, ƙafa ta riƙa zamewa gaba har yatsu suka leƙo. Gam ya ɓullo ta cikin karammiski ya daskarar da gashinsa tabo-tabo. Kirgin ƙasa kuma ya yi baƙin zobe kewaye da kowace ƙusa, abin da ke faruwa duk inda baƙin ƙarfe da danshi suka haɗu da fatar da aka jeme da ɓawon icce. Dukawanmu sun san wannan, da ma da tsatsar ƙarfe suke baƙanta fata.

Abin da tsofaffin takalman suka nuna

Kafin sassaƙa ta biyu an koma ga waɗanda suka rage a gidajen tarihi. Gidan Victoria da Albert na Landan yana da copin na Venis na wajajen 1600, icen fayin ne aka sassaƙa aka lulluɓe da fatar ɗan akuya mai huje-hujen ado. Na Sifen ma sun fi sauƙi, ɓawon icen kok ake jerawa hawa-hawa, wanda ake toshe kwalba da shi. Haka a takalman katako na shiga taɓo da aka tono a Landan, alda da wilo da fofla suka fi yawa, duk itatuwa marasa nauyi. Har ta kai a 1416 aka hana masu yin irin wannan takalmi a Ingila taɓa icen asfen domin masu yin kibiya na bukatarsa, sai 1464 aka sassauta musu. Ma'ana mutanen da ba tauri suke nema ba, sauƙin ɗauka suke nema.

Abu na biyu da aka lura, fuska ba a jikin katako take ba. Ɗinke ta ake yi tsakanin shimfiɗar ƙafa da rigar ginshiƙi, zare ne ke ɗaukar ja, ba ƙusa ba. Na uku, da yawansu diddige ya ɗan fi yatsu tsayi. Akwai kuma bayanin Elizabeth Semmelhack ta gidan tarihin takalma na Bata a Toronto, wadda ta shirya baje kolin copin a 2009: a Venis takalmin ɓoye yake a ƙarƙashin riga, amfaninsa ya ƙara wa mace tsawo don ta ɗauki yadi mai tsada da yawa, saɓanin Sifen inda ake barinsa a fili don a gani. Wannan bayanin ya sauƙaƙa shawara. Tunda riga za ta rufe, ba dalilin sayen siririn gindi da lafiyar idon sawu. Gaskiya ne wasu na asali gindinsu bai kai wanda aka zaɓa a nan faɗi ba, amma masu su suna da barori a gefe, mai raya tarihi kuwa ita kaɗai ce.

Sassaƙa ta biyu: katako

Aka rage tsayi zuwa santimita 15 a diddige, 13.5 a yatsu, har da fatar sama da ta ƙasa. Katakon zalla 14.2 ke nan a baya, 12.7 a gaba. Aka zaɓi fofla busasshe, mai nauyin giram 0.43 a kowace santimita kubik, danshinsa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Linden da fayin ma za su yi. Mai son gwadawa a ƙasarmu zai samu obece a 'yan katako, ya fi fofla sauƙi ma, sai dai yana da taushi, ƙusa ba ta kama shi sosai, ƙwari kuma na sonsa. Malaina ta fi ƙarfi amma tana jan lokaci kafin ta bushe har ciki. Kowanne aka saya, a bar shi mako biyu ko uku a ɗakin da za a yi aikin, musamman katakon da ya zo daga kudu ya tarar da hunturu. Idan babu na'urar auna danshi, a riƙa ɗora shi a sikeli duk kwana uku, ranar da nauyi ya daina raguwa ya yi.

Samun gungume busasshe mai kaurin santimita 15 marar tsaga da wuya, saboda haka aka haɗa allo uku, kowanne tsawo 27, faɗi 11, kauri 5, jijiya a kwance daga yatsu zuwa diddige. Uku, ba huɗu ba, kuma da dalili: allo huɗu masu kaurin santimita 4 za su sa layin gam ya faɗo daidai tsakiyar ƙugu, wuri mafi siranta. Da uku, ƙugun yana cikin allon tsakiya gaba ɗayansa. A goge fuskokin su kwanta ba rata, a juya na tsakiya yadda zoben shekarunsa zai saɓa da na sauran don kada su lanƙwashe waje guda, a shafa farin gam na kafinta a duka fuska biyu, a matse su awa 24.

Jijiya a kwance ta ba leɓuna ƙarfi, amma ta kawo nata rauni: ƙugu na iya rabuwa a kwance idan ƙafa ta murɗe. Maganinsa turaku biyu na katako mai tauri, kaurin milimita 12. A nan bic ya samu aikin da ya dace da shi. Ana huda daga ƙasa a kan layin tsakiya, tazarar santimita 7 tsakaninsu, a tsaya saura santimita 1.5 a ɓulla sama, a zuba gam a buga su. A yi wannan tun gungumen yana da kusurwa huɗu, lokacin da huda a miƙe ke da sauƙi.

Samfuri uku ake yankawa a kwali: na sama, na gindi, na gefe. Na sama tsawo 24.5, faɗi 8.5, an zana shi ne mai takalmin tana tsaye da safa da siririn takalmin fatar da za ta sa a ciki. Hagu da dama iri ɗaya, yadda takalman ƙarshen ƙarni na 16 da yawa suke. Gindi tsawo 20, faɗi 9.5, ya fara santimita 2 daga bayan diddige ya ƙare a 22, ke nan diddige da gindin yatsu duk suna da ƙasa a ƙarƙashinsu. Ƙugu tsawo 14, faɗi 5.5. Da waɗannan awo sai takalmin ya karkata fiye da digiri 17 kafin ya kife, dutsen nan mai santimita 1 kuma digiri 6 kawai yake ci.

A zana layin tsakiya ya zagaye gungumen duka, kuma duk sanda aka sare shi a sake zanawa. Yawancin copin da ke jingina gefe ɗaya ɓacewar wannan layin ce ta jawo. Zarto ya fitar da siffar gefe tukuna, sannan ta sama, sai gizago ko kurfi ya rage tudu, magagari ya daidaita, takardar yashi mai lamba 80 sannan 120 ta gama. Ba a bukatar fiye da haka tunda riga za ta rufe. Wari biyun a riƙa aikinsu tare, mataki-mataki, ana jera su ana dubawa. Wanda ya gama ɗaya kafin ya fara ɗaya zai samu wa da ƙane, ba tagwaye ba.

Saman kuma ba a bar shi tebur ba. Aka fafe gurbin diddige zurfin milimita 4 zuwa 5, aka bar ɗan tudu a tsakiyar tafin ƙafa, aka kashe kaifin gefe da zagayen milimita 3 don kada ya yanke fata. Wannan gurbin shi ke hana diddige zamewa gefe, kuma bambancinsa a ƙafa ya fi ƙarfin girmansa nesa. A gaban gindi aka zaftare milimita 5 a santimita 2.5 na ƙarshe don takalmin ya ɗan mirgina idan za a ɗaga shi. Wannan sassauci ne na zamani, aka yi shi da sani.

Kowane wari ya tashi giram 600 da 'yan kai. An yi tunanin fafe cikinsa daga ƙasa don rage nauyi, lissafi ya hana: rami uku masu faɗin milimita 25 da zurfin santimita 6 ba su cire ko giram 40 ba, ga raunana wurin turaku, ga takalmi ya koma kalangu a kan dutse. Wanda ya zaɓi icce daidai ba ya bukatar fafewa.

Fata da ɗinki

An bar karammiski aka koma fatar akuya mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, domin ita ke bin lanƙwasar ƙugu ba gardama. Farar jimar alif ta fi kama da na asali da yawa, amma jimar ɓawon icce ma ta dace da zamanin, kuma jar fatar akuya ta Sakkwato da Kano, jimar bagaruwa, irin kaurin da laushin da ake nema ke nan. Shimfiɗar ƙafa kirgi ne mai milimita 3, an yanka daidai samfurin sama. Fatar ƙasa kirgi mai milimita 5.

Fuska ita ce ran takalmin. An yi ta ɓari biyu da ke haɗuwa a saman ƙafa da igiya ta huji uku-uku, yatsu a buɗe, ta hau har santimita 12 daga gaba. Gajeruwar fuska ita ke sa yatsu su riƙa damƙar takalmi. An yanko ta daga gadon bayan fatar, ba wajen ciki mai saki ba, kuma ɓangaren da ba ya miƙewa shi aka sa ya ratsa ƙafa daga gefe zuwa gefe. Aka yi mata shafi da kakkauran yadin lilin. Igiyar kuma tana da amfani na musamman ga mai tsayuwar awa huɗu, ƙafa tana kumbura, ana iya sassautawa.

Samfurin rigar ginshiƙi daga jikin katakon ake ɗauka. A naɗe shi da tef ɗin takarda hawa biyu, a zana layin gaba da na baya, a yanka a ɓare a shimfiɗa a kwali. Ɓari biyu za su fito. A ƙara milimita 6 a sama da gefuna don ɗinki, santimita 2 a ƙasa don naɗewa. A ɗinke ɓarin biyu su zama kamar hannun riga.

Daga nan sai ɗinkin da komai ya rataya a kansa. A ɗora fuska a kan shimfiɗa a mazauninta, a kawo rigar a juye, cikinta a waje, tana tsaye sama kamar buhu, bakinta daidai da bakin shimfiɗa, fuska tana tsakiya. A huda da basilla milimita 4 daga baki, a ɗinke zagaye da zaren lilin mai kakin zuma, allura biyu, ɗinki uku a kowace santimita. Inda fuska ta fara da inda ta ƙare a maimaita sau biyu, nan ja ya fi yawa. Sai a manna shimfiɗar a saman katako, a kafa ta da ƙusoshin tagulla huɗu ko biyar a inda ƙafa ba ta dannawa, a nutsar da kawunansu, a juyo rigar ƙasa kamar mai sa safa. Ɗinkin ya shige ciki, ba a ganinsa.

Akwai wahala guda a nan da ba a faɗa wa mai koyo: gindi ya fi ƙugu faɗi sosai, rigar da aka ɗinke duka ba za ta wuce ba tare da yagewa ba. Saboda haka ɗinkin baya a bar kashi biyu cikin uku nasa a buɗe, a rufe shi da lanƙwasasshiyar allura bayan rigar ta zauna.

Mannawa da kunun alkama ake yi, gari awo ɗaya ruwa awo biyar, a dafa minti goma ana juyawa har ya yi kaurin talge, a ɗiga man kanumfari kaɗan saboda ƙwari da fumfuna. Ya fi gam ɗin roba domin yana ba da lokacin ja da gyara, kuma ana iya jiƙa shi a ɓare idan an yi kuskure. A ɗan jiƙa fatar ta yi laushi, ba sharkaf ba, a shafa kunun siriri a katako, a riƙa lallashinta da tafin hannu daga tsakiya zuwa ɗinki. Ƙugu a naɗe shi da tsummoki masu faɗin santimita 4, ba igiya ba, igiya tana barin sawu har abada. Awa 24 a inuwa. Wanda ya nace sai karammiski, ya fara manna lilin a katako ya bushe, ya yanka karammiskin a karkace, gashin wari biyun ya kwanta waje guda, ya ɗinka shi a jikin lilin ɗin ba tare da ruwan manni ya taɓa shi ba. Idan gashin ya saɓa, wari ɗaya zai fi ɗaya duhu duk da yadi ɗaya ne.

Rarar ƙasa a tsattsaga ta kamar haƙoran zarto, a naɗe ƙarƙashin gindi, a kafa da ƙananan ƙusoshi duk santimita 1.5, a cike tsakiyar da guntuwar fata don ƙasan ya daidaita. Fatar ƙasa a tsaga mata kwari zurfin milimita 2 zagaye, santimita 1 daga baki, a buga ƙusoshin tagulla masu santimita 2 a cikin kwarin. Kan ƙusa ɗaya da ya fito ya isa ya mayar da takalmin abin sulu a kan dutse. A ƙarshe a karce fatar da magagari ta yi kaushi. Da fata da komai, kowane wari ya tsaya wajen giram 750, rabin na farko.

Riga da tafiya

Tela ya riga ya yanka rigar a kan tsayin santimita 20, dole aka ɗage ta da 5 ta hanyar naɗi a ciki. Tsarin da ya kamata shi ne takalmi ya gama, a hau shi, sannan a auna bakin riga, a bar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da ƙasa a gaba. Mai copin ba ta jin yadi a ƙarƙashin ƙafarta, idan ta taka bakin riga sai ta ji ta tafi.

Tafiyar ma koyonta ake yi. Fabritio Caroso, malamin rawa na Italiya, ya bar darasi a kan wannan a littafinsa na 1600: mace ta ɗaga yatsun ƙafar da za ta fara motsawa, domin hakan ke miƙar da gwiwa ya hana takalmin zamewa, kuma kada ta ja shi a ƙasa yana ƙara. Darasin yana aiki har yau. Yatsu sama yana danna saman ƙafa a jikin fuska, takalmin ya biyo ƙafa da kansa. Taku gajere, gindi ya sauka gaba ɗaya lokaci guda, ba diddige da fari ba. Aka yi mako biyu ana gwaji, minti goma ranar farko a kan tabarma kusa da bango, ana ƙarawa har awa ɗaya a kan dutse da cikakkiyar riga. Matakala a karkace ake hawanta da hannun wani, ciyawa da tsakuwa kuwa an cire su daga hanya tun a shiri.

Bayan awa huɗun aka duba takalmin. Ginshiƙi ba tsaga, layin gam ba motsi. Fuska ta saki kamar milimita 3, igiya ta shanye. Fatar ƙasa ta ci milimita 1 a gefen waje na gaba, ya fi yawa a warin dama, alamar da wuri za a canza ta kafin ƙusoshi su fito, wataƙila bayan fita huɗu ko biyar. A ƙugun warin hagu, wajen ɗinkin baya, fata ta ɗaga faɗin babban yatsa inda kunu bai kai ba. Aka ɗan jiƙa wurin, aka tura kunu da bakin wuƙa, aka sake naɗewa da tsumma kwana ɗaya. Ajiya kuma a jakar yadi, da takarda cushe a cikin fuska, nesa da rana da murhu, a musanya hagu da dama a fita ta gaba don cin ƙasan ya daidaita.